Kano zuwa Jidda: Yadda yaƙin Sudan ya tsawaita tafiyar sa'o'i huɗu da rabi

Tazarar da ke tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda ta kai kimanin kilomita 3,400 idan an auna ta a miƙe. Shekaru da dama maniyyata aikin Hajji da masu zuwa Umara daga arewacin Najeriya sun san wannan tazara da ma'auni ɗaya, wato tafiyar sa'o'i huɗu da rabi ko kusa da haka. Tun daga watan Afrilun 2023, lokacin da yaƙi ya ɓarke tsakanin rundunar sojin Sudan da dakarun RSF, wannan ma'auni ya daina aiki. A aikin Hajjin wannan shekarar sai da aka shirya wa jiragen Najeriya hanyar da ke cin kusan sa'o'i bakwai, kuma kamfanonin jigila suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowane alhaji.

Batun ya shafi dubban iyalai da ke tara kuɗin kujera shekara da shekaru, ya shafi kamfanonin jiragen sama na cikin gida, ya kuma shafi matsayin filayen jiragen sama na Arewa, waɗanda kusancinsu da Gabas ta Tsakiya ne babban jarinsu. Domin a fahimci abin da aka yi asara da abin da za a iya gyarawa, ya kamata a fara da yadda ake auna tazara da lokaci a harkar sufurin sama.

Yadda ake lissafin tazara da lokaci

Duniya mulmulalliya ce, saboda haka hanya mafi gajarta tsakanin garuruwa biyu ita ce wadda za a samu idan aka ɗaura zare a kan taswirar duniya mai siffar ƙwallo, aka ja shi ya yi tauri tsakaninsu. Da wannan ma'auni ne ake samun kilomita 3,400 tsakanin Kano da Jidda. Daga Maiduguri tazarar ta kusa kilomita 3,000, daga Abuja da Sakkwato kimanin 3,700, daga Legas kuwa kimanin 4,200. Wanda zai sauka a Madina daga Kano zai ƙara kimanin kilomita 150 a kan tazarar Jidda.

Manyan jiragen fasinja na tafiyar kilomita 850 zuwa 900 a sa'a ɗaya idan sun daidaita a sama. Idan aka raba kilomita 3,400 da wannan gudu, za a samu ƙasa da sa'o'i huɗu kaɗan. Sauran rabin sa'ar yana tafiya ne a wajen gangarawa zuwa titin tashi, da hawa sama, da saukowa a hankali, da jiran izinin hasumiyar da ke kula da zirga-zirgar jirage. Lokacin da kamfanoni ke rubutawa a tikiti yana farawa ne daga sa'ar da jirgi ya motsa daga inda yake ajiye, ya ƙare a sa'ar da ya tsaya cik a ɗaya filin, shi ya sa yakan fi ainihin lokacin da aka yi a sama.

Iska ma tana da tata rawar. A lokacin sanyi iska mai ƙarfi na kaɗawa daga yamma zuwa gabas a saman arewacin Sahara da Bahar Maliya, don haka tafiya zuwa Jidda takan fi dawowa sauri. A tsakiyar damina kuma wata iskar ce ke tasowa daga gabas a can ƙololuwar sararin yankin Sahel, sai lissafin ya juya. Bayan wannan, jirage ba sa bin zaren nan daidai wa daida. Akwai hanyoyi tsararru a sararin samaniya, masu mararrabai da wuraren da matuƙi zai ba da rahoton inda yake, kuma bin su kan ƙara wasu kilomitoci.

Abu na ƙarshe da ke rikita matafiya shi ne bambancin agogo. Saudiyya na gaban Najeriya da sa'o'i biyu. Jirgin da ya bar Kano da ƙarfe 12 na rana, ya yi tafiyar sa'o'i huɗu da rabi, zai sauka Jidda da ƙarfe 6:30 na yamma agogon can. Wanda ya bar Jidda da ƙarfe 12 na rana agogon Saudiyya zai iso Kano da ƙarfe 2:30 na rana. Tsawon tafiyar ɗaya ne, agogon ne ya sa ɗaya ta yi kama da ta sa'o'i shida da rabi, ɗayar kuma ta sa'o'i biyu da rabi.

Hanyar da ta ratsa Sudan

Idan aka bi miƙaƙƙen layi daga Kano, jirgi zai doshi arewa maso gabas ta saman Jigawa da Yobe, ya ɗan taɓa yankin Diffa a Jamhuriyar Nijar, ya wuce ta arewacin Tafkin Chadi, ya ratsa tsakiyar ƙasar Chadi. Daga nan zai shiga Sudan ta hamadar arewacin Darfur, ya tsallake Kogin Nilu kusa da Dongola, ya fita ta gaɓar Bahar Maliya a arewa da Port Sudan. Kimanin kilomita 1,400 na wannan tafiya, wato kashi biyu cikin biyar, a saman Sudan ake yin su. Babu wata ƙasa da ke ɗauke da kaso mai girman haka a wannan hanya.

Dogaron nan da Sudan ya girmi jirgin sama nesa ba kusa ba. Alhazan ƙasar Hausa da Barno sun shafe ƙarnoni suna bin Wadai da Darfur da Kordofan a ƙafa ko a kan dabbobi, har su kai tashar Sawakin su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar kan ci shekaru, domin mutum yakan tsaya ya yi noma ko ƙwadago ya samu guzuri sannan ya ci gaba. Da yawa sun zauna a can, kuma daga cikinsu ne aka samu al'ummomin Hausawa da Fulani na Sudan, ciki har da mutanen garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, wanda mabiya Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903.

Jirgin sama ma da ya zo, sawun alhazai ya bi. Jiragen farko da suka sauka a Najeriya na sojin saman Birtaniya ne guda uku, waɗanda suka taso daga Masar suka biyo ta Hartum, suka sauka Kano a ranar 1 ga Nuwamba, 1925. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Hartum da Kano, yana yada zango a Al-Ubayyid da Al-Fashir da Al-Jinaina da Fort Lamy, wato Injamena ta yau, da kuma Maiduguri. Garuruwan Sudan ukun nan duk suna cikin wuraren da sunayensu suka cika labaran yaƙin da ake yi yanzu.

Abin da ya faru bayan 15 ga Afrilun 2023

A ranar da faɗa ya ɓarke, filin jirgin sama na Hartum na cikin wuraren farko da aka gwabza. An lalata jiragen fasinja da ke ajiye, ciki har da wani na kamfanin Saudia da ke shirin tashi. Hukumar sufurin sama ta Sudan ta rufe sararin samaniyar ƙasar baki ɗaya. Matsalar ba ta tsaya a kan iyakar Sudan ba, domin cibiyar da ke Hartum ce ke kula da jiragen da ke wucewa ta can saman Sudan ta Kudu tun bayan rabuwar ƙasashen biyu a 2011. Da cibiyar ta daina aiki, sai wani babban gibi ya buɗe a tsakiyar Afirka, tun daga iyakar Masar har zuwa iyakar Yuganda.

Yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ta kafa hukumar sufurin sama ta duniya ICAO, ta bai wa kowace ƙasa cikakken iko a kan sararin samaniyarta, har da ikon rufe shi saboda tsaro. Ko da ƙasa ba ta rufe ba, kamfanoni da masu yi musu inshora suna da nasu lissafin, musamman tun bayan harbo jirgin Malesiya mai lamba MH17 a gabashin Yukren a ranar 17 ga Yulin 2014, inda mutum 298 suka mutu. Tun daga lokacin, kalmar gwamnati kawai ba ta isa ta sa kamfani ya tura jirgi cike da fasinjoji saman fagen fama ba.

Hanyoyi uku ne suka rage wa jirgin da ya tashi daga Kano. Ta farko ita ce ta kudu: Kamaru, Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, arewacin Kwango, Yuganda, Kenya, Habasha, sannan a hau arewa ta Bahar Maliya. A lissafin taswira wannan zagaye ya kai kimanin kilomita 5,300, wato ƙarin fiye da rabin tazarar asali, kuma shi ne ke kai tafiyar kusan sa'o'i bakwai.

Ta biyu ita ce ta arewa maso gabas: arewacin Chadi, kusurwar kudu maso gabashin Libiya, kudancin Masar, sai Jidda. Wannan hanya ba ta ƙara ko kilomita 200 a kan miƙaƙƙen layi ba, domin Jidda na kusan daidai da layin da ya raba Masar da Sudan. Cikas ɗinta shi ne Libiya. Tun 2014 hukumomin sufurin sama na Amurka da na Tarayyar Turai ke gargaɗi a kan sararin samaniyar ƙasar, inda gwamnatoci biyu ke jayayya a kan mulki, kuma kamfanoni da yawa na kauce masa. Jirgin haya, irin wanda ake yawan amfani da shi a jigilar alhazai, yana ƙarƙashin sharuɗɗan mai shi da na mai inshorarsa, kuma sau da yawa su ne ke yanke hukuncin inda zai bi.

Ta uku ita ce a kewaye Libiya gaba ɗaya ta Nijar da Aljeriya da Tunisiya, a bi ta saman Bahar Rum zuwa Masar. Wannan ta haura kilomita 5,500, don haka ba ta da wata riba a kan hanyar kudu.

Daga baya an samu sassauci. A watan Agustan 2023 Sudan ta buɗe sararin gabashinta domin jiragen da ke zuwa Port Sudan, inda gwamnati ta koma da zama, kuma ICAO tare da ƙasashen yankin sun tsara hanyoyin wucin gadi ta saman Sudan ta Kudu, abin da ya rage tsawon zagayen kudu. Sai dai yammaci da tsakiyar Sudan, waɗanda su ne mashigar jiragen Najeriya, ba su koma yadda aka saba ba. Sojoji sun ƙwato filin jirgin Hartum a watan Maris na 2025, amma a watan Mayu jirage marasa matuƙa suka kai hari Port Sudan, har da filin jirginta. A ƙarshen Oktoban 2025 kuma Al-Fashir ta faɗa hannun RSF, wanda ya bar kusan dukkan Darfur a wajen ikon gwamnatin da ke da alhakin kula da sararin samaniyar ƙasar.

Abin da ƙarin sa'a ke ci

A harkar jiragen sama da sa'a ake lissafin kuɗi. Babban jirgi ƙirar Boeing 747, irin wanda aka daɗe ana jigilar alhazai da shi, yana shan man da ya kai kimanin tan 10 a kowace sa'a. Jigilar alhazai kuma tana da wata siffa ta daban da sauran zirga-zirga: jirgi ya tafi cike ya dawo fanko a lokacin kai maniyyata, sannan ya tafi fanko ya dawo cike a lokacin kwaso su. Kowane rukunin alhazai ke nan yana buƙatar tafiya huɗu. Idan kowace tafiya ta ƙaru da sa'o'i biyu da rabi, an samu ƙarin sa'o'i 10, wato man da ya kai tan 100. A jirgi mai ɗaukar mutum 500, kowane alhaji na ɗauke da nauyin ƙarin kilo 200 na mai.

Mai ɗaya ne daga cikin abubuwan da ke ƙaruwa. Kowace ƙasa ko hukumar da jirgi ya ratsa sararinta tana karɓar kuɗin kula da shi, gwargwadon nauyinsa da nisan da ya yi. A Najeriya hukumar NAMA ce ke wannan aiki, a Nijar da Chadi da Kamaru da Afirka ta Tsakiya kuma hukumar haɗin gwiwa ta ASECNA mai hedikwata a Dakar. Yawan ƙasashen da aka bi na nufin yawan takardun izini da yawan kuɗin da za a biya da dala. Haka kuma doka ta ƙayyade sa'o'in da matuƙa da ma'aikatan jirgi za su yi suna aiki kafin su huta, don haka doguwar tafiya kan tilasta ƙarin ma'aikata. Gyaran injin ma da sa'o'in tashi ake ƙidaya shi.

Akwai kuma batun yawan sawu. A ce jirgi na tsayawa sa'o'i uku a kowane ɓangare domin lodi da shan mai. A tsohuwar hanya zuwa da dawowa za su ci sa'o'i 15, a doguwar hanya kuwa sa'o'i 20. Cikin kwana 10, jirgin da zai iya sawu 16 zai tsaya a 12. Kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin jigila ya tafi ke nan, alhali Saudiyya na da ranar da take rufe filayenta ga jiragen maniyyata, kuma ba ta ɗage ta saboda wata ƙasa ta makara. A nan ne tsawon hanya ke komawa kwanakin jira a sansanonin alhazai.

Wannan lissafi ne ya sa a watan Mayun 2023 kamfanonin cikin gida da aka zaɓa domin jigila suka jinkirta sa hannu a yarjejeniya da hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, wadda Alhaji Zikrullah Hassan ke shugabanta a lokacin. An daidaita a kan ƙarin dala 250. An cire dala 100 daga kuɗin guzurin kowane alhaji, sauran kuma aka cike ta wasu hanyoyin, ciki har da yafe wani ɓangare na kuɗaɗen da hukumomin sufurin sama na gwamnati ke karɓa. Najeriya na da kujeru 95,000 a wannan shekara, 75,000 daga ciki ta hannun hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi. Dala 250 sau 75,000 ta kusa dala miliyan 19.

Gurbin tazara a cikin kuɗin kujera

Ya kamata a ajiye wannan ƙari a gurbinsa, domin a hirar jama'a akan ɗora wa yaƙin Sudan tsadar Hajji fiye da abin da alƙaluma suka nuna. Kuɗin kujera a 2023 ya kai kimanin Naira miliyan 2.9. A farashin gwamnati na lokacin, wato kusan Naira 460 a kan dala ɗaya, dala 250 ta zama Naira 115,000, kimanin kashi 4 cikin 100 na kuɗin kujera. Zuwa 2025 kujera ta kai tsakanin Naira miliyan 8.3 da miliyan 8.8. Abin da ya ninka ta kusan sau uku shi ne faɗuwar darajar Naira bayan sakin kasuwar canji a watan Yunin 2023, inda dala ta haura Naira 1,500. Masauki a Makka da Madina, da hidimar Mina da Arfa, da abinci, da tikitin jirgin kansa, duk da kuɗin waje ake biyan su. Da Naira ta ɗan farfaɗo, kuɗin kujerar 2026 ya sauko zuwa tsakanin miliyan 7.6 da miliyan 8, alhali yaƙin Sudan bai tsaya ba.

Duk da haka tazara na nan a cikin farashin, kuma NAHCON da kanta tana nuna hakan ta yadda take raba ƙasar shiyya uku. A 2025 maniyyatan Barno da Adamawa ne suka biya mafi ƙaranci, sauran jihohin Arewa suka biyo baya da kusan miliyan 8.5, jihohin Kudu suka biya mafi yawa. Bambancin da ke tsakanin shiyya mafi arha da mafi tsada bai kai Naira 500,000 ba, wato kimanin kashi 5 cikin 100. Wannan shi ne kuɗin kilomita 1,200 da ke tsakanin tazarar Maiduguri da ta Legas.

Arewa ce ta fi asara

Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne rufe sararin Sudan bai shafi filayen jiragen Najeriya daidai da juna ba. A miƙaƙƙiyar hanya, Kano ta fi Legas kusa da Jidda da kimanin kilomita 800. A hanyar kudu kuwa, jirgin Kano sai ya fara gangarawa kudu maso gabas kafin ya kama hanyar da jirgin Legas zai shiga kusan kai tsaye. Tafiyar Legas ta tashi daga kilomita 4,200 zuwa kimanin 5,600, ƙarin kashi ɗaya cikin uku. Ta Kano ta ƙaru da fiye da rabi. Ratar da ke tsakaninsu ta ragu zuwa kimanin kilomita 300.

Tasirin wannan ya wuce lokacin Hajji. Kano ta zama babbar tashar jiragen ƙasa da ƙasa ne saboda matsayinta a bakin Sahara, a kan hanyar Turai da ta Gabas. Masu Umara da 'yan kasuwa da marasa lafiya da ɗalibai da ke tashi daga nan na dogara da jirage kai tsaye ko waɗanda ke yada zango a Alƙahira ko Addis Ababa. Ta Alƙahira tafiyar Jidda ta kai kimanin kilomita 4,300, ta Addis Ababa kuma kimanin 4,700, ban da sa'o'in jiran jirgi na biyu. Idan tafiya kai tsaye ta rasa gajartarta, kamfani kan sake duba ko ya ci gaba da ita, ko ya haɗa fasinjojin Arewa da na Legas a jirgi ɗaya.

Abin da ya faru da Nijar a shekarar ya ƙara nuna raunin wannan matsayi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sojojin Yamai sun rufe sararin samaniyarsu a ranar 6 ga Agusta, suka buɗe shi ga yawancin jirage a ranar 4 ga Satumba, amma takunkumin da ke tsakanin ƙasar da Najeriya ya ci gaba har cikin 2024. A makonnin rufewar, jiragen Turai da ke zuwa Abuja da Legas sun riƙa yin dogon zagaye. Tsawon kusan wata guda, sararin Nijar a rufe yake, na Sudan a rufe, na Libiya kuma ana gudunsa, wato kusan duk ƙofofin arewa da gabas na filin jirgin Kano sun toshe a lokaci ɗaya.

Lafiyar maniyyata

Akwai wani nauyin da ba ya fitowa a takardar farashi. Kaso mai yawa na alhazan Najeriya dattawa ne, wasu da hawan jini ko ciwon suga, wasu kuma wannan ne hawan jirginsu na farko. Wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 ya nuna cewa haɗarin daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa na ninkawa idan mutum ya zauna wuri ɗaya na sa'o'i huɗu ko fiye. Tafiyar sa'o'i bakwai, bayan kwana ko kwanaki a sansani, tana buƙatar shirin da ta sa'o'i huɗu da rabi ba ta buƙata: yawan shan ruwa, miƙewa a taka a cikin jirgi lokaci zuwa lokaci, da ajiye magani a jakar hannu. Ga wanda jirginsa zai sauka Jidda kai tsaye, sauyin hanya na shafar wurin ɗaukar harami, domin jirgin da ya taso daga Habasha ta kudu yake tunkarar Jidda, ta ɓangaren Yalamlam. Waɗannan batutuwa ne da ya dace malaman bita da jami'an lafiya su sanya a cikin darasinsu.

Abin da ya rage a hannun Najeriya

Kawo ƙarshen yaƙin Sudan ba a hannun Najeriya yake ba, ko da yake tana da murya a Kwamitin Sulhu da Tsaro na Tarayyar Afirka, kuma tana da dalilin amfani da ita, ganin yawan 'yan asalinta da ke zaune a ƙasar da ɗaliban da aka kwaso a 2023. Amma akwai abubuwan da za a iya yi a gida.

Na farko, yarjejeniyar jigila ta fayyace hanyar da aka gina farashi a kanta da sa'o'in da aka ƙiyasta, tare da sharaɗin abin da zai faru idan hanya ta gajarta ko ta tsawaita. Idan an ƙara kuɗi saboda zagaye, maniyyaci na da haƙƙin ganin ragi a duk lokacin da aka samu hanya mafi kusa. Bayanan tafiyar kowane jirgi a buɗe suke a shafukan intanet da ke bibiyar jirage, saboda haka tantance sa'o'in da aka yi a zahiri ba abu ne mai wuya ba.

Na biyu, hukumar NCAA mai sa ido kan sufurin sama, da NAMA, da ma'aikatar harkokin waje, su kammala nazarin hanyoyi da neman izinin wucewa watanni kafin jigila. Hanyar Chadi da kudancin Libiya da Masar ta cancanci nazarin tsaro na ƙwararru tare da ICAO da masu inshora, domin bambancinta da hanyar kudu ya kai sa'o'i biyu a kowace tafiya. Sakamakon nazarin ne zai nuna ko ta dace da jirgi mai ɗauke da ɗaruruwan rayuka, kuma idan bai gamsar ba, tsawon hanya ya fi sauƙin ɗauka a kan kasada.

Na uku, a tsara jadawalin jigila da lissafin doguwar hanya tun farko, a samar da isassun jirage, kuma kada a kira maniyyata sansani sai an tabbatar da jirginsu ya kama hanya. Na huɗu, a kula da filayen Maiduguri da Yola da Kano ta fuskar titin tashi, fitilun sauka da dare, da wadatar man jirgi, domin ranar da sararin Sudan ya sake buɗewa su ne za su fara cin moriyar gajeriyar hanya.

Kafin wannan rana, mai shirin tafiya daga Kano zuwa Jidda zai fi amfana idan ya tambayi hanyar da jirginsa zai bi da inda zai yada zango, sannan ya tuna da bambancin sa'o'i biyu na agogo a lokacin da yake duba tikitinsa.